Kilo Goma Sha Shida Saboda Auta

Litinin, 3 ga Fabrairu

Amaryarmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya kike, ya 'yan biyu, ya mai jiki? Na iso gida lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura a mota, sai da Baban yara ya durƙusa ya cire mini takalmi. Mama tana nan ƙalau. Tana ta tambaya me ya hana Autanta, mijin naki, zuwa ganinta, na ce aikin makaranta ne ya riƙe shi. Allah ya gafarta mini wannan ƙarya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Tun da ciwon ƙoda ya zaunar da mijinki a gida ya zama mai gadin waya, taki da tasa duk a gefensa suke wuni. Shi ya sa na shirya da Dogo direba. Zai riƙa ajiye miki wasiƙata a ofishinku, ki ba shi amsa idan zai juyo.

Kin dai ji abin da likita ya faɗa ranar da muka saci jiki muka je karɓar sakamako. Jinina ya dace da na ƙanena, ƙodata za ta iya zama a jikinsa, amma ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na sauke kilo goma sha shida. Kilo casa'in da tara nake, Amarya! Ni da nake zagaya ƙugun matan unguwa da tef ina tsokanarsu wai yadi biyar ya daina isarsu, ashe ni ce shugabarsu. Na yi shawara da Baban yara, ya ce da ƙaninsa ne shi ma zai bayar. Don haka magana ta zauna. Auta dai kada ya ji, kin san ya rantse ba zai karɓi naman jikin kowa ba. Mama ma kada ta ji, tun da shi ya roƙa a ɓoye mata.

Na riga na fara. Azumi na ɗauka, ba ci ba sha daga safe har ƙarfe shida, kuma na gaya wa Allah ba zan sauke ba sai ranar da sikeli ya nuna tamanin da uku. Wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni wani shayin rage ƙiba, ta ce sati biyu zai narkar da ni. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Yaya

*

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Yaya,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Muna lafiya. 'Yan biyu suna gaida Gwaggonsu, suna cigiyar rigunan da kika auna su.

Na karanta wasiƙarki a bayan kabad ɗin fayil, na yi kuka har shugabar makaranta ta leƙo ta tambaya ko rasuwa aka yi. Shekara goma sha huɗu kina kirana Amarya kina cewa ban iya yanka albasa ba, ban taɓa sanin haka kike ɗauke da mu a zuciya ba. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya sāka.

Amma Yaya, na roƙe ki, shayin nan ki zubar da shi yau. Ranar Laraba da na raka Malam, ƙanen naki, wankin ƙoda na ja likita gefe na gaya masa. Sai da ya ajiye bironsa. Ya ce irin waɗannan shayi da ba a san me ke ciki ba sun kawo masa mutane da dama kan injin da Malam yake kwance a kai. Ya ce wuni ba ruwa ma wahalar da ƙodar kike yi, ita da muke lallaɓawa. Ba ya son ki sauke fiye da kilo biyu ko uku a wata. Ga takardar da ya rubuta na haɗo miki: abinci sau uku, rabin faranti ganye, a rage mai da gishiri, a bar lemon kwalba, a yi tafiyar ƙafa kullum.

Ni ba zan koya miki ibada ba, a hannunki na koyi addu'ar safe. Amma ki nemi wani babba ki yi shawara a kan azumin.

Malam yana nan yadda kika bar shi. Sau uku a sati, awa huɗu a kan inji. Idan mun dawo ba ya iya hawa matakalar nan uku na ƙofar gida sai ya dafa ni. Ruwan da aka yarda ya sha a wuni bai cika kofi uku ba, jiya na same shi yana kallon 'yan biyu suna shan ruwa.

Ƙanwarki,
Amarya

*

Talata, 25 ga Maris

Amaryarmu,

Salama a gare ki. Duk muna lafiya, in ban da yatsata da har yanzu ba ta gama warkewa ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Wasiƙarki ta zo a makare da kwana ɗaya. Ranar azumi na goma sha biyu, wajen ƙarfe uku, ina kan keke ina ɗinke bakin siket, sai na ga shagon yana juyawa. Ban farka ba sai a ƙasa, allura ta shiga ta farce ta fito ta ƙasa, mai gyaran takalmi na kusa da mu yana yi mini fifita da kwali. Abin haushin, duk wahalar nan kilo ɗaya na sauke, don da shida ta buga nake zama in rama na safe da na rana har da na gobe.

Matar Fasto ce ta wanke mini yatsar, kin san tsohuwar nas ce. Ban gaya mata zancen Auta ba, na ce dai likita ya ce in rage jiki. Da ta ji irin azumin da nake yi sai ta cire tabarau ta ce, "Wannan ba azumi ba ne, yajin cin abinci kike yi wa Allah. Kin ba shi wa'adi, kin ba shi lamba, saura ki ba shi takardar sa hannu." Na ji kunya, don gaskiya ta faɗa. Ta ce jikin nan amana aka ba mu, ba a dukan abin amana don a nuna wa mai shi ana ƙaunarsa.

Ga abin da ta koya mini, ki ji. Ta ce tun muna yara muke addu'a kafin cin abinci, amma da mun ce amin sai mu sallami Allah mu fuskanci faranti. Ta ce in riƙa addu'a ta biyu a tsakiyar ci. Idan na kai rabi in ajiye cokali, in sake godiya, in tambayi kaina a gabansa ko har yanzu yunwa ce. Amarya, sau da yawa ba yunwa ba ce. Wani lokaci haushin mai kawo ɗinki ne, wani lokaci tsoron abin da zai sami Auta. Sai in rufe sauran in ajiye, in faɗa wa Allah abin da ke damuna. Rannan na daɗe ido rufe, na buɗe na ga Baban yara ya ɗauke kifina. Ya ce ya ɗauka na tafi sama ne.

Shayin na zuba shi a kwata. Na daina hawa mota zuwa shago, minti arba'in ne a ƙafa, ina tafe ina rera waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa. Kwalbar lemo da ke zama a ƙarƙashin keke ta koma gorar ruwa, kuma duk kurɓar da na yi sai na tuna wanda aka auna wa kofi uku.

Jiya na hau sikelin mai kemis: casa'in da huɗu. Na gode wa Allah a gaban mutane, ban damu ba.

Taki,
Yaya

*

Alhamis, 12 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan.

Wannan ce wasiƙata ta uku tun da kika yi shiru. Ta ƙarshe da na samu daga gare ki ita ce ta farkon Mayu, inda kika ce kin kai tamanin da tara har kin rage wa kayan sujadarki faɗi. Tun daga nan sati shida ke nan. Na tare Dogo a tasha, ya ce hannu da hannu yake ba ki, kina karɓa ki ce babu amsa. Ya ce kuma ya ga mata suna ta shiga gidanku da kulolin abinci.

Na yi ta tunani, kuma ina jin na gane. Tiyata ba wasa ba ce. Kina da miji, kina da 'ya'ya, ga Mama a hannunki. Idan tsoro ne ya kama ki, ko Baban yara ya sake shawara, ko dangi sun ji sun taru a kanki, na roƙe ki kada ki ɓoye mini fuska saboda haka. Ba ki yi mana laifi ba. Wata huɗu kin hana kanki abin da kike so saboda mijina, wannan kaɗai ba zan manta da shi ba har in mutu. Na sake ki, Yaya, da zuciya ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya mini gaskiya da wuri. Hanyar da suke sa masa allura a hannu ta toshe makon jiya, sun koma wuya. Likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya da injin, yana so a yi dashen kafin shekara ta ƙare. In babu ke, gara in sani in fara ƙwanƙwasa wata ƙofa.

Ƙanwarki,
Amarya

*

Asabar, 14 ga Yuni

Amarya,

Wa ya ce ki sake ni? Na ce miki na gaji ne? Lafiyarmu lau, kuma ban fasa ba, ko a mafarki. Kunya ce ta hana ni rubutu. Zauna ki ji abin da na jawo wa kaina.

Kin san ni na kafa kwamitin gaida marasa lafiya na matan cocinmu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kin kuma san dokar da na kafa da bakina. Da muka lura idan an kai wa majiyyaci abinci yara ne ke cinyewa, sai na ce daga yau wadda ta kai kula ba ta tashi sai ta ga ƙasan kwano. Na tsaya a kan mata da yawa da cokali a hannu, har da masu kuka.

To, ranar wata Lahadi na shiga sujada da kayan da na rage, wuyana ya fito, zobe yana juyawa a yatsa. Ashe a bayana an yi taro. Matar Fasto, wadda ita kaɗai za ta tsaya mini, ta tafi wajen 'yarta da ta haihu. Ranar Litinin da rana sai ga Uwar Mawaƙa da kula uku. Ta zauna, ta ajiye jaka, ta ce, "Shugaba, an sa ki a layi. Ni ce yau, gobe Maman Burodi." Na ce lafiyata ƙalau, likita ne ya ce in rage jiki. Ta ce, "Haka duk masu ɓoye ciwo suke cewa. Ke kika koya mana kada mu saurare su. Buɗe baki."

Shinkafa ce tana ninƙaya a mai, da soyayyen naman kaza. Ga Mama a gefe ta zuba mini ido, don ita ma sun tsorata ta, da na ture kwano sai ta fara share hawaye. Haka aka yi ta yi, kullum da mai zuwa. Maman Burodi har da kek, wai mai ciwo yana son zaƙi.

Zan iya tsayawa a nan ki tausaya mini, amma a gaban Allah nake rubutu. Na ji daɗin abincin, Amarya. Kwana uku na farko dole aka yi mini. Daga nan kuwa da ƙarfe ɗaya ta yi sai in ji ina sauraron ƙofa. Addu'ar tsakiyar ci na bar ta, don na san abin da za ta gaya mini. Na ce wa kaina ai ƙauna ce aka kawo, ba a mayar da ƙauna. Sikeli ya koma casa'in da uku. Ta yaya zan ɗauki biro in rubuta miki wannan, ke da kike ɗauke da shi a kafaɗa a kan matakala?

Da na karanta zancen wuyansa, na rufe shago na shiga coci, ba kowa sai mai shara. Na durƙusa na nemi gafara. Ban yi alkawarin komai ba wannan karon, na dai ce ni kaɗai ba zan iya ba. Kuma a nan na ga inda matsalar take. Matan nan ba maƙiyana ba ne, ƙaunata suke yi a cikin duhu, don mun hana su gaskiya. Muddin ana ɓoye wa Mama, kulolin nan ba za su daina zuwa ba. Ina neman izininki in faɗa mata. Ke kuma lokaci ya yi da za ki faɗa wa mijinki.

Ki yafe mini shirun.

Yaya

*

Laraba, 18 ga Yuni

Yaya,

Na yi dariya na yi kuka a kan takarda ɗaya. Ashe kaza ce ta kusa raba mu! Babu abin yafewa. Na gode wa Allah da ba abin da na zata ba ne, kuma ki yafe mini da na yi miki zaton tsoro.

Ki faɗa wa Mama. Ni na riga na faɗa wa Malam jiya da rana, na ajiye masa wasiƙunki duka a cinya. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, da ya zo wajen allurar da ta huda miki yatsa sai ya kife takardar. Ya ce mun ci amanarsa. Ya ce ke kika goya shi, kika bar makaranta kika hau keke don shi ya yi karatu, yanzu kuma a yanka ki saboda shi? Ya ce gara ya ƙarasa kwanakinsa a kan inji. Tun jiya bai yi mini magana ba, ko maganinsa sai 'yan biyu ne suka miƙa masa.

Likita ba zai yi aiki ba sai shi ya sa hannu. Na rasa yadda zan yi da shi.

Amarya

*

Litinin, 6 ga Oktoba

Amaryarmu,

Yabo ga Ubangiji! Tun da asiri ya tonu muka koma waya, amma wannan labari ba na waya ba ne, ina so ki riƙe shi a hannu. Yau da safe sikelin mai kemis ya nuna tamanin da uku. Na sauka na sake hawa. Na cire takalmi na sake hawa. Mai kemis ya ce in bar masa sikeli haka nan kada in ƙarar da batirin.

Kin sha tambayata yadda aka yi ranar da na faɗa wa Mama, ina ce miki sai mun haɗu, don ba na iya faɗa ba tare da muryata ta karye ba. A rubuce zan iya. Tana zaune tana tsince wake na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wata tara ɗana yana kwance kuna ce mini aikin makaranta?" Sai ta miƙa hannu ta ce in kira mata shi. Abin da ke ba ki ji ba, don a kunnensa aka faɗa, ga shi. Ta ce, "Auta, ƙoda huɗu na haifa tsakaninka da yayarka, duka nawa ne. Na ga dama in ɗauke ɗaya daga wancan ɗaki in kai wannan. Ban tambaye ka ba lokacin da na ba ka na farko, yanzu ma ba shawararka nake nema ba." Na ji shi yana kuka ta cikin wayar yana cewa, "To, Mama." Bayan ta ajiye ne ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari ta sa aka fitar mata da kujera bakin ƙofa. Maman Burodi ta iso da kularta, Mama ta buɗe ta leƙa ta ce, "Mai ya yi yawa. Koma." Ranar Lahadi na tashi a taron mata na faɗi gaskiya. Uwar Mawaƙa ta rushe da kuka tana cewa ashe da hannunta take kashe ɗan mutane. Ba su rushe layin ba, sun dai juya shi. Wadda ranarta ta zo, ita ce za ta zo da safe ta raka ni shago a ƙafa, mu yi addu'a a hanya saboda Auta. Mata goma sha huɗu, wata uku da rabi, ko ranar ruwan sama ba a fasa ba. Wasu har sun fara kawo mini kayansu in rage.

Ba ƙarfina ba ne, Amarya, kin dai ga iyakar ƙarfina a watan Mayu. Ki gaya wa likita ya sa rana. Zan zo da Mama, ta ce ko a bayan mota za a ɗaure ta sai ta zo.

Taki,
Yaya

*

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Yaya,

Nas ta ce kin farka tun jiya bayan tiyata kina ta tambayarsa, kuma kin yi yunƙurin sauka daga gado har sau biyu. Ki kwanta, don Allah, ɗinki ne a cikinki. An hana mu shiga da waya ɓangaren da yake, kuma na kasa matsawa daga nan, shi ya sa na yago wannan daga littafin 'yan biyu na ba ta ta kawo miki. Ƙofa huɗu ce kawai tsakaninku.

Ta gilashi nake ganinsa. Ya buɗe ido, ya gane ni, ya ɗaga yatsa biyu. Abin da ya fara tambayar nas shi ne ko kina numfashi.

Yaya, ya yi fitsari. Mutumin da ya yi wata takwas bai cika ko murfin kwalba ba, tun jiya sun juye jaka uku, ga ta huɗu tana cika. Likita ya ce tun kafin su rufe shi ƙodar ta kama aiki, ko baƙunta ba ta yi ba. Ya ɗaga jakar ya nuna mana ta gilashi. Mama ta zame daga kujera ta durƙusa a tsakiyar hanya, masu tura gado suna kauce mata, ni ma na bi ta. Ban taɓa tsammanin zan durƙusa a gaban mutane in gode wa Allah saboda fitsari ba.

Yanzun nan nas ta shiga masa da jug cike da ruwa. Ya tambaye ta kofi nawa aka yarda masa. Ta ce babu lissafi, ya sha iyakar abin da zai iya, ƙodar yayarsa tana son ruwa. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya rufe ido ya yi godiya, yana sha ina rubuta miki. Ya miƙa a ƙara masa.

Amarya